Wa Zai Tsare Lafiyar Lebura?

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini, in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun hutun damina da ya wuce. Na san waɗansu za su ce ina ruwan yaro ɗan shekara 16, wanda bai taɓa karɓar albashi ba, da zancen masana'antu da dokokin Gwamnati? Gaskiyarsu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa a ɗakinmu aka yi yoyon nan.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara takwas. Tun da ƙarfin Baba ya ja baya, shi ya ɗauki gidanmu. Sabulun da nake wanka da shi a makarantar nan, da garin kwaki da sukarin da ke cikin akwatina, da kuɗin motar da ke kawo ni, duk daga guminsa suke fitowa. Shekara uku ya yi yana aiki a wani kamfanin robobi a Kano, inda ake narka roba a buga bokiti da kofi. Aikinsa shi ne zuba tsofaffin robobi a bakin injin da ke niƙa su. Asali bakin injin nan yana da murfin ƙarfe, wanda ke hana hannun mutum kai wa ga wuƙaƙen da ke juyawa a ciki. Da murfin ya ɓalle sai aka jingine shi a bango, aka ci gaba da aiki, don an lura ma aikin ya fi sauri in babu shi. Sau biyu Yaya yana yi wa helima magana. A na biyun sai helima ya nuna masa bakin ƙofa ya ce, "In ba za ka iya ba, ga mutane can a tsugune suna jiran wurinka." Yaya ya tuna da mu, ya ja bakinsa.

Ran nan yana aikin dare, wajen ƙarfe huɗu na asuba, ya yi awa goma a tsaye, sai roba ta cushe a bakin injin. Ya sa hannu zai tura ta. Kafin abokin aikinsa ya kai ga makunni, injin ya cinye yatsu huɗu na hannunsa na dama. Aka nemi akwatin magani, babu. Da rigarsa aka ɗaure hannun. Aka nufi ƙofa, ashe a kulle take ta waje, don kada leburori su saci kaya da dare. Sai da aka yi ta dukan ƙofa kafin mai gadi ya zo da mabuɗi, sa'an nan aka sami a-daidaita-sahu aka kai shi asibiti. Kamfani ya biya kuɗin asibiti, ban hana masa wannan ba. Bayan an sallame shi aka miƙa masa 'yan kuɗi a ambulan, aka ce masa ya je ya huta, don dama sunansa ba ya cikin littafin ma'aikata na dindindin.

Da na je hutu na tarar da gidanmu cike da 'yan dubiya. Kowa ya shigo sai ya ce, "Ƙaddara ce, Allah ya sa kaffara ne." Mu kuwa mu ce amin. Amma wata rana da dare muna kwance a soro, ni da shi, sai na ji ya ce, "Ƙanena, ka yi barci?" Na ce, "A'a, Yaya." Ya ce, "Ka san noti biyu da ɗan walda kaɗai murfin nan yake bukata?" Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Ni kuwa ban runtsa ba sai da aka kira assalatu.

Jama'a, ba na musun ƙaddara. Amma ina so mu lura da abu guda. Mai kamfanin nan bai bar bokitansa a hannun ƙaddara ba. Ya sa musu kwaɗo, ya ɗauki mai gadi, ya ajiye akawu yana ƙidaya su safe da yamma. Yatsun lebura kaɗai ya bar wa ƙaddara. Abin da mutum ya gani da idonsa, aka gaya masa har sau biyu, ya ƙi gyarawa don kada aiki ya tsaya, sunansa sakaci. Kuma tun da lebura ba shi da ƙarfin da zai ja da mai ba shi abinci, dole a sami wani mai ƙarfi ya tsaya a tsakaninsu. Wannan kuwa aikin Gwamnati ne.

Da muka komo makaranta na kai wa malaminmu na darasin Gwamnati kukana. Na ce masa, "Malam, me ya sa ba a yi dokar da za ta hana irin wannan ba?" Sai ya yi murmushi ya ce in same shi a laburare bayan la'asar. Abin da ya nuna mini ya ba ni mamaki ƙwarai. Ashe dokar tana nan, har ta girmi Yaya. Ita ce Dokar Masana'antu ta 1987, wadda aka kafa a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Ta ce dole a yi wa kowace masana'anta rajista. Ta ce duk wani sashe na inji mai hatsari a killace shi. Ta ce a wadata wurin aiki da iska da haske da ruwan sha da akwatin magani, a ba ma'aikaci kayan kare jiki in aikinsa yana bukata, kada kuma a sa baƙon hannu a kan inji sai an koya masa. Ta hana a kulle ƙofa yadda na ciki ba za su iya buɗewa nan take ba. Ta ce in ma'aikaci ya mutu, ko ya ji raunin da ya hana shi aiki fiye da kwana uku, dole a kai rahoto. Ta kuma ba sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ikon shiga masana'anta dare ko rana, da ikon ba da takardar umarnin gyara, har da ta dakatar da aiki in sun ga rai yana cikin hatsari. Na zauna na lissafa, a dare ɗaya tak kamfanin su Yaya ya taka dokar nan a wuri uku: ga murfi, ga ƙofa, ga akwatin magani.

Akwai kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. A ƙarƙashinta mai kamfani zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wani asusu da hukumar NSITF ke riƙe da shi, kuma ba a yarda ya cire kuɗin daga albashin ma'aikaci ba. Daga asusun nan ake biyan wanda ya ji rauni, ko iyalin wanda ya rasu. Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne, dokar ba ta ware ɗan jinga ko ɗan koyo ba, duk ta kira su ma'aikata. Ta ce wanda ya ji rauni ya sanar da mai aikin cikin kwana 14. Yaya bai taɓa jin labarinta ba, haka ma duk abokan aikinsa da suka zo dubiya. Har ila yau ƙasarmu ta sa hannu a yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta duba wuraren aiki a 1960, da ta lafiyar ma'aikata a 1994. Watau dai ta fuskar takarda ba a bar mu a baya ba.

To, in doka tana nan, me ya hana ta aiki? A ganina dalilai biyu ne manya, kuma na farkon duk ɗan makarantar kwana ya san shi. Ku tuna da duba ɗakuna na ranar Asabar. Tun daren Juma'a kowa ya san Malam zai zo. Sai a share, a goge, a shimfiɗa farin zanen gado, a tura ƙazaman kaya da kwanukan da ba a wanke ba cikin akwati a danne. Malam ya zagaya ya ba mu maki, kafin azahar ɗaki ya koma gidan jiya. Amma ranar da ya faɗo mana ba zato, ran Talata da dare, ai ranar ce ya ga ainihin yadda muke zaune. Yaya ya ce a shekara ukun da ya yi, sau ɗaya aka raba musu hular kwano da safar hannu sababbi ful, aka ce baƙi za su zo. Har murfin injin aka ɗaura da waya. Waɗansu mutane suka zo da manyan riguna, suka zagaya tare da manaja, suka shiga ofis, suka tafi, ba wanda ya ce wa lebura ko sannu. Da yamma aka bi kowa aka karɓe hula da safa aka mayar sito. Duban da aka sanar da ranarsa, gaisuwa ce kawai aka zo yi.

Kakata takan ba mu labarin duba-gari na zamanin En'e. Ta ce ba ya aiko da saƙo, sai dai a ji sallamarsa a zaure. Ya buɗe randa, ya leƙa makwarara, in ya ga tsutsa a ruwa mai gida ya sha tara. Saboda ba wanda ya san ranar zuwansa, kullum sai mata su wanke randa. Mutum ɗaya ne da ɗan littafinsa, amma unguwa guda tana shakkarsa. Irin wannan duba-gari masana'antunmu na Bompai da Sharaɗa da Challawa da Kakuri suke bukata.

Dalili na biyu shi ne tara. Dokar 1987 ta ce in sakacin mai masana'anta ya jawo mutuwa ko rauni, za a ci shi tarar da ba ta wuce Naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. A 1987 Naira 5,000 kuɗi ne mai kauri. Amma aka yi shekara fiye da talatin ba a taɓa adadin nan ba, har ya zama ko ɗan akuya ba zai saya ba. A 2012 Majalisar Dattawa ta zartar da wani sabon ƙuduri kan lafiyar ma'aikata, amma bai zama doka ba. Mai kamfani ɗan kasuwa ne, da lissafi yake kwana. In ya auna ya ga tsayar da inji na wuni ɗaya ya fi tarar kashe mutum tsada, me kuke tsammani zai zaɓa?

Kada wani ya ce haka duniya take, ba ta gyaruwa. A 1911 gobara ta tashi a wani kamfanin ɗinki a birnin New York na Amurka, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata, domin an kulle ƙofa. Mutanen garin suka tashi tsaye, aka kafa kwamitin bincike, aka yi sababbin dokoki fiye da talatin a jihar. A watan Satumba na 2002, watau bayan shekara 91, gobara ta tashi da dare a wani kamfanin roba a Ikorodu ta Jihar Legas, ma'aikata masu yawa suka ƙone, aka kuma ba da labarin cewa a kulle suke. Da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi, don na tuna da ƙofar su Yaya. Da wuta ce ta tashi a daren nan, da ba zancen yatsu muke yi ba.

A Ingila kuwa, da sufeto huɗu kacal suka fara duba masana'antu a 1833. A 1974 suka yi babbar dokar lafiyar ma'aikata, suka kafa mata hukuma ta musamman. A shekarar nan ma'aikata 651 suka mutu a bakin aiki. A 'yan shekarun nan kuwa adadin bai kai 150 ba a shekara. Gaskiya ne rufe ramukan kwal da manyan masana'antu ya taimaka wajen raguwar, amma abin lura shi ne sun san adadin. Suna ƙidaya matattunsu da masu rauninsu, su buga kowa ya gani, su san inda za su tura sufeto. Yatsun Yaya kuwa ba su shiga littafin kowa ba.

Na yi gardamar nan da abokaina a ɗakin kwana, kuma sun kawo hujjojin da ya kamata a saurara. Wani ya ce in aka matsa wa kamfanoni za su rufe, ga shi dama rashin wutar lantarki ya durƙusar da da yawa, masaƙun Kaduna ma sun zama kufai. Na yarda rashin aiki masifa ce, a gidanmu muna ɗanɗana ta yanzu. Amma ban taɓa jin kamfanin da noti biyu da akwatin magani suka karya ba. Buɗe ƙofa kuwa ko kwabo ba ya ci. Wani kuma ya ce leburorin ne da kansu ba sa son sa safa da hula saboda zafi. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai wanda aka koya wa hatsarin abu, aka ba shi kayan kariya, ya ƙi sawa, shi za a tuhuma. Wanda aka karɓe wa safa aka kulle a sito fa? Na uku ya ce ko an ƙara sufetoci, cin hanci kawai za a ƙara. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni tsoro. Amsata ita ce, ba a daina ajiye mai gadi don an taɓa samun mai gadi ɓarawo. Sai dai a biya shi da kyau, a kuma sa masa ido.

Saboda haka ga 'yan shawarwarina ga mahukunta, in Allah ya sa mujallar nan ta kai hannunsu. Na farko, a ƙara yawan sufetoci, a ba su abin hawa da albashin da zai tsare musu mutunci. Su riƙa zuwa ba sanarwa, har da tsakar dare, su kuma keɓe da leburori inda manaja ba ya ji. Duk masana'antar da sufeto ya sa wa hannu, in aka yi mummunan hatsari a cikinta, a kira shi ya yi bayani.

Na biyu, a ɗaga tara ta dace da zamani, a kuma auna ta da girman kamfani, yadda babba zai ji zafinta kamar yadda ƙarami zai ji. Wanda ya kulle mutane a ciki kuwa, kada a tsaya jiran gobara, a gurfanar da shi gaban alƙali. Kamfanin da ya shekara da shekaru ba a ji rauni a cikinsa ba, shi ma a yaba masa a fili, a rage masa wani abu daga kuɗin da yake zubawa.

Na uku, a riƙa ƙidaya. Mai kamfani ba zai kai ƙarar kansa ba, amma duk mai rauni sai ya je asibiti. A umarci asibitoci su riƙa tambaya, "A ina ka ji ciwon nan?" su rubuta, su aika wa hukuma. A ƙarshen shekara a karanta a rediyo.

Na huɗu, a kare bakin lebura. A 2013 a ƙasar Bangaladash, ma'aikatan ɗinki sun ga bangon benen Rana Plaza ya tsage, washegari aka tilasta musu komawa ciki, ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu. Lebura ne yake fara ganin hatsari, tsoron kora ne yake rufe masa baki. A yi doka mai ƙarfi da za ta hana korar wanda ya kai ƙara, a ba da lambar waya ta kyauta, a kuma manna haƙƙoƙin ma'aikaci a ƙofar kowace masana'anta da harshen da yake ji, da boko da ajami.

Na biyar, kada a manta yawancin mutanenmu ba a kamfani suke aiki ba. Ga mai walda da ke kallon wuta da tabaran kasuwa, ga mai injin niƙa da bel ɗinsa a buɗe, ga birkila a kan katako a hawa na uku, ga manomi yana feshi ba takunkumi. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje ya watsa gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. Iyayen nan ba mugaye ba ne, ba su san ƙurar da ke jikin rigarsu guba ce ba. Irin waɗannan ba tara suka fi bukata ba, ilmi suke bukata. Gwamnati ta bi ta hannun masu unguwanni da sarakunan sana'a da shugabannin ƙungiyoyi, ta koyar, ta sauƙaƙa kuɗin kayan kariya. Mu ma a makarantu a riƙa koya mana tun daga ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin sassaƙa, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ƙarshe ina kira gare ku, 'yan'uwana ɗalibai. Yau muna cin tuwo a kwano ɗaya, amma gobe a cikinmu za a sami injiniya da manaja da likita da alƙali da ɗan majalisa, wataƙila har da sufeton masana'antu. Ranar da wani zai turo maka ambulan a kan tebur don ka kau da kai daga injin da ba murfi, ka tuna akwai wani yaro a wata makarantar kwana da ke jiran sabulu daga hannun da ke aiki a kan injin nan.

Malam ya taimake ni mun rubuta takardar neman diyya, na aika gida, muna jiran abin da Allah zai yi. Yaya kuwa yanzu yana tsare wa wani maƙwabcinmu shago, yana koyon rubutu da hannun hagu. Makon jiya na sami wasiƙarsa ta farko, layi uku, baƙaƙen duk a karkace. Ya ce in dage da karatu, ya kuma ba ni haƙuri wai bana sukarin ba zai kai na bara ba.

A nan zan dasa aya. Allah ya ba shugabanninmu ikon tsare amanar talakawa, ya kai kowane ma'aikaci gida lafiya, amin.